Ranar da Inna ta ɗaga ido

Ni ce na fara ganin hoton. An kawo baje kolin hotuna gidan matasa na Dogon Dutsi, aikin wani mai ɗaukar hoto da ya taɓa zagaya ƙauyukan Arewa shekarun baya. Na shiga bayan an tashi daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, da niyyar in leƙa in fita. Haka yawancinmu ke yi: a bi bango da sauri kamar ana neman akuya a kasuwa, a ɗaga waya a ɗauka, a wuce. Ina cikin wannan sauri na yi turus. Ga Baba a saman rumbunmu na Ɗan Kassari, ya rungumi damin gero, yana dariya har ana ganin giɓinsa.

Baba ya daɗe da rasuwa, kuma ba mu da hotonsa ko ɗaya. Na jikin katinsa na ɗan ƙasa ya tafi da ruwa shekarar da ɗakinsa ya faɗi. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, yanar ido ta fara rufe mata gani, mutum sai ya matso sosai take gane shi. Na tambayi gardin wurin, ya ce ƙarshen mako za a kwashe hotunan. Hankalina ya tashi, don na san in ba ta gan shi yanzu ba, shi ke nan.

Washegari na je na ɗauko ta a mota. Duk hanya ba ta tambaye ni komai ba, carbinta kawai take ja. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, ta yi sallama da ƙarfi ga ɗakin da babu kowa sai gardi da wasu samari. Samarin suka ƙunshe dariya. Na watsa musu harara irin ta aji, suka shiga taitayinsu.

Na kama hannunta har gaban hoton. «Inna, ga shi nan.»

Sai ta durƙusa. Ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai, ta kafa ido a siminti. Haka take yi a duk lokacin da ta kai wa Baba tuwo. Matan zamaninsu ba su kiran sunan miji, ba su kuma zuba masa ido, balle a gaban 'ya'ya. Ban taɓa tunanin kunyar za ta biyo ta har gaban takarda ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. «Haba Inna! Duk wannan tafiya, kuma ki kalli ƙasa? Hoto ne fa.»

«Na sani hoto na,» ta ce a hankali. «Amma shi na. Ke kuma kin tsaya mini bisa kai.»

Gardin, wani dattijo, ya fi ni ganewa. Ya kira samarin waje da hannu, ya ja ƙyaure, shi ma ya fita. Ni na koma ɗaya bangon na juya mata baya.

Da yake babu inda zan je, dole na tsaya gaban abin da ke gabana: wata mata a bakin rijiya, tana jan guga. Jiya na wuce ta ban ko lura ba. Yanzu na ga kantar igiya a tafin hannunta, na ga zanenta ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, na ga ba rijiyar take kallo ba, wani abu take hange can bayan mai hoton, kuma ya dame ta. Na daɗe ina tunanin ko mene ne. Tun ranar, in na shiga irin wannan ɗaki, hoto ɗaya nake zaɓa in ba shi lokacinsa.

A bayana na ji ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Na ji takunta ta matsa. Ban waiwaya ba sai da ta kira ni.

«Ɗiyata, taho.»

Na same ta hancinta ya kusa taɓa gilashin hoton, tana bin fuskar da ido kaɗan kaɗan, daga hula zuwa gemu. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Tausayinta ya kama ni.

«Wagga dariya fa?» ta ce. «Wa ya ba shi ita?»

Na ce ban sani ba, wataƙila masu miƙo masa dami ne suka yi wani barkwanci.

Ta gyaɗa kai. «Daga bayan darni ni ka jin ta, in shina tare da maza. Ban san haka take ba.» Ta ƙara matsawa. «Ki ce ma mai gadin shi ƙara mini ɗan lokaci. Ban gama ba.»