Hannun Hagu na Odeta

A ƙauyenmu na 'yan yankan rake, can bayan San Pedro, babu wanda bai taɓa cin abincin Odeta ba. Ita ke dafa wa cocin Fasto Nicanor, ita kuma ke ciyar da yaran da ke buga besbol, wasan jifan ƙwallo da dukansa da sanda, a filin bayan cocin. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, magana ba ta dame ta ba. Bahaguwa ce tun tana rarrafe. Da hagu take juya tukunya, da hagu take yanka agada, da hagu take jifan karen da ya matso murhu, kuma ba mu taɓa ganin ta jefa ba ta samu ba.

A nan aka haife ta, a ɗakin kwanon da ke kallon famfo. Iyayenta ne suka tsallako daga Haiti, ƙasar da ke iyaka da tamu, yankan rake, suka mutu ba su koma ba. Ita ko hanyar Haiti ba ta sani ba, amma a wurin hukuma 'yar can ce, tunda babu takardar da ta ce an haife ta a nan. Mijinta Jozafa ya tafi aikin gini a bakin teku tana da tsohon ciki, motar jami'an shige da fice ta kwashe su a bakin aiki, ƙarshen labarinsa ke nan. Tun daga lokacin, in Odeta ta ji rurin babbar mota sai ta ajiye ludayi ta kalli gonar rake, tana auna inda za ta kutsa.

Da ta haihu, ta san ɗan marar takarda shi ma marar takarda ne. Sai aka yi abin da aka saba yi a nan. Maƙwabciyarta Doña Casilda, 'yar ƙasa gaba da baya, mai 'ya'ya shida da baki kamar rediyo, ta rungumi jaririn ta kai ofis ta ce nata ne, na bakwai. Ranar baftisma Odeta ta tsaya a matsayin madrina, wato uwar baftisma. Haka Wilkin ya tashi: a cikin ɗaki ya ce Mama, a waje ya ce Madrina. Duk ƙauyen ya sani, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin magana ne, don gida nawa ne babu irin wannan?

Dokar Fasto Nicanor ɗaya ce: wanda bai zauna karatun Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin mangwaro ba, ba zai taɓa ƙwallo ba. Wilkin ya zauna, ya haddace ayoyinsa, ya shiga fili. Kafin ya cika shekara goma sha shida, manya sun fara barin aiki suna zuwa kallonsa. Mai jifa ne, kuma da hagu yake jifa, irin jifan da mai riƙe da sanda sai dai ya ji ƙarar ƙwallon a bayansa. Dillalan 'yan wasa suka kai labari, wata babbar ƙungiya ta Amurka ta ce tana so.

A nan ne kwanciyar hankalin Odeta ta ƙare. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar yaro sai sun turo mai bincike ya tabbatar da shekarunsa da iyayensa. Namu sunansa Ureña, mutum mai gogaggiyar farar riga, mai fara'a. Zai zauna a ƙofar gidanka ya sha kofi, ya yaba wa kajinka, sannan ya tambayi wace ungozoma ce ta karɓi haihuwar yaron. In ransa ya kwanta, shi ke nan. In bai kwanta ba, sai ya ce a yi gwajin jini. Ranar da aka gwada jinin Wilkin da na Casilda, ba ƙungiya kaɗai zai rasa ba. Takardarsa za ta mutu, Casilda ta tsaya gaban alƙali, shi kuma ya zama abin da ubansa ya zama, mutumin da mota ke iya ɗauka.

Odeta ta naɗe katifar yaron da kanta ta kai gidan Casilda. Sannan ta yi wani abin da babu wanda ya sa ta: ta daina aiki da hannun hagu. Wa ya gaya mata hagu shaida ce? Babu. Bahagwai sun cika duniya. Amma ita ta lura kaf gidan Casilda babu bahago ko ɗaya, ta kuma lura Ureña yana kallon hannun mutane in suna miƙa masa kofi. Ta koma yanka da dama, ta yanke babban yatsa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba.

"Komadre, kin haukace," in ji Casilda, don haka uwa da madrina ke kiran juna. "Mutumin nan shekaru yake nema, ba hannu ba. Kin ga shinkafar yau? Ko kare ya sunsuna ya wuce."

"Ki bar ni," Odeta ta ce. "Ke dai ki riƙa tuna watan da kika haife shi."

"Na haifi shida ban tuna ba, sai wanda ban haifa ba zan tuna?"

"Rage murya, don Allah."

Cikin wannan hali baƙinmu na shekara-shekara suka iso. 'Yan sa-kai ne daga wata coci a Tennessee ta Amurka, sukan yi mako guda. Riga iri ɗaya suke sawa, rana ta gasa su su yi ja kamar tumatir, su sake wa bangon coci fentin da suka yi masa bara. Ba na musu rashin kunya, mutanen kirki ne. Safar kama ƙwallo da takalman da yaranmu ke sawa duk su suka kawo, kuma akwai yaran da ba don filin nan ba da tuni suna yawon banza a tasha. Aibinsu ɗaya ne: wayoyinsu ba sa hutawa, kuma duk abin da ya taɓa musu zuciya sai sun nuna wa duniya.

A cikinsu akwai wata dattijuwa, Darlene, mai saurin hawaye. Shekara da shekaru tana zuwa, kuma kicin take tarewa wurin Odeta, tana ɓare tafarnuwa tana yaren da rabinsa hannu ne. Ta ga Wilkin yana ƙarami yana barci a cinyar Odeta. Babu wanda ya taɓa yi mata bayanin komai, don babu wanda ya ga dalili.

Ranar ƙarshe da safe, bayan addu'a, Fasto ya sanar da sabon abin da Darlene ta kawo. An raba wa kowane yaro sabon ƙwallo ya yi rubutu a kai. Bayan wasa iyaye mata za su jeru a fili, a ba kowace safa, ɗanta ya jefa mata ƙwallon a hankali ta cafe. Za a ɗauki hoton bidiyo a nuna a cocinsu na can. Mata suka yi guɗa. Odeta kuwa ba ta yi guɗa ba, don tun da sassafe ta hango farar rigar Ureña a gindin mangwaro.

Wilkin ya leƙo kicin neman ruwa. Ya fi ta tsawo yanzu, amma yana shigowa sai ya sunkuyar da kai kamar da.

"Mama..."

"Wace ce mamarka a nan?"

"Madrina," ya gyara. "Ba ki san abin da na rubuta ba."

"Ban son sani. Ka ji ni da kyau. Casilda za ka jefa wa. Ko kallon inda nake ka yi, ni da kai ne."

"Sau ɗaya ne fa. Kowa ya sani."

"Shi bai sani ba. Sha ruwanka ka fita."

Ya sha ya fita. Ta bi bayansa da kallo, ta ji tana son ta kira shi ta gyara masa wuyar riga, ta fasa.

Da rana ta kai wa Ureña farantin shinkafa da wake da kaza. Da hannu biyu ta riƙe ta miƙa masa.

"Sannu da aiki, Doña," ya ce, yadda ake kiran babbar mace a nan. "Me ya samu yatsan?"

"Wuƙa ce, Yallaɓai."

"An ce ke kika raini yaron nan."

"Madrinarsa ce ni. Uwarsa 'ya'ya sun yi mata yawa."

Ya gyaɗa kai yana tauna, ya ɗan daɗe yana kallon bakinta. Ta rufe leɓe a kan wushiryarta, irin ta Wilkin sak, ta koma bayan teburin abinci.

Aka gama wasa, mata suka fara jeruwa a kan farin layi, ana raba musu safa suna dariya. Casilda ta sa tata a juye, sai da wani baƙo ya gyara mata. Odeta ta duƙa bayan tukunya tana kankarar ƙanzon da bai isa kankara ba. Sai ta ji hannu mai laushi ya kama wuyan hannunta.

Darlene ce, idonta har ya cika da hawaye. "Zo, zo," ta ce da gurguwar maganarta. "Ke uwa. Wilkin. Ni sani." Ta nuna haƙoranta na gaba, ta nuna Wilkin can a tudun jifa, ta nuna bakin Odeta. Ta jawo ta zuwa fili, wani saurayi mai waya yana biye da su.

Odeta ta bi ta a dole. Ta so ta fizge, amma fizgewa ma abin kallo ne. Ta waiga neman mai cetonta. Fasto Nicanor yana can yana gyara lasifika, ya ba su baya. A gindin mangwaro Ureña ya ajiye cokali. A ranta ta ce, Ya Yesu, ka ɗauke ni ni kaɗai. Ta ga motar nan a idonta, da ragar ƙarfen bayanta, da yatsun mutane a jikin ragar.

Muryar Casilda ce ta tsaga filin.

"Ina za ki da ita, baiwar Allah? Wannan? Wannan ko kaza ba ta taɓa ƙyanƙyasa mata ba! Ni na yi naƙudar kwana biyu, yaron nan ya kusa kashe ni da ƙaton kansa, yau kuma a ba mai dafa wake ƙwallona? Komadre, koma kan tukunyarki, in kina son ɗa ki nemi miji!"

Filin ya ɗauki dariya. Matan layin nan duk sun san gaskiya, amma suka yi dariya har da tafi, wasu har da ƙarin gishiri. Odeta ma ta yi, don dole ne ta yi. Ta ji zafin maganar har cikin ƙashinta, ta kuma ji godiya, duk a lokaci guda. Darlene ta saki hannunta, fuskarta ta ƙara ja, tana ba da haƙuri ba ta san laifin me ba.

Yara suka fara jifa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Wilkin, bai kalli teburin abinci ba. Ya jefa a hankali, daidai ƙirjin Casilda. Amma Casilda ba ta taɓa cafe ko lemo ba a rayuwarta. Ta rufe ido ta kare fuska, ƙwallon ya daki gefen safar, ya gangara cikin ciyawa, ya zo ya tsaya a ƙafar Odeta.

"Jefo, Odeta! Jefo!" yara suka hau kira.

Hannun hagunta ya tafi da kansa. Har ya kai gwiwa kafin ta farga, ta mayar da shi ta cusa a aljihun riga ta damƙe. Ta duƙa ta ɗauka da dama. Karatu bai dame ta ba, amma waɗannan haruffa huɗu ta san su, don da gawayi ya fara rubuta su a bangon ɗakinta yana ɗan shekara shida. MAMA. A ƙasansu ya zana ɗan ƙaramin ludayi.

Ta riƙe shi gwargwadon yadda mutum zai ja numfashi ɗaya. Sannan ta jefa da hannun da bai san jifa ba. Ƙwallon ya yi gefe, ya daki bokitin ruwan sanyi, ya faɗi ko rabin hanya bai kai ba. Aka sake fashewa da dariya. Casilda ta je ta ɗauka ta ɗaga sama, Wilkin ya rungume ta, mai waya ya ɗauki hotonsu.

Ureña ya taso ya kawo wa Odeta farantinsa, yana share hawayen dariya da hankici.

"Doña," ya ce, "abincinki ba magana. Amma lallai ba a wurinki yaron nan ya gaji hannu ba."

"A'a, Yallaɓai," ta ce. "Ba a wurina ba."

Ba a yi gwajin jini ba. Wilkin yana makarantar 'yan wasa ta ƙungiyar yanzu, kusa da babban birni, yakan zo wasu Lahadi ya sauka a gidan Casilda. Ƙwallon yana kan talabijin ɗin Casilda, inda duk wanda ya shigo zai gani. Odeta kan shiga aron gishiri, ta tsaya ta juya shi yadda ludayin zai kalli ƙofa.

Baƙi sun sake zuwa bana, sun sake fentin bango, Darlene ta sake ɓare tafarnuwa. Har yau da dama Odeta ke aiki. In ka ce mata ai komai ya wuce, sai ta ce ana sake bincike kafin a ba yaro izinin hawa jirgi, ta ci gaba da yankanta a hankali. Karen nan ma ya gane. Yanzu har bakin tukunya yake zuwa ya zauna, ya san babu mai jifansa.