Layin Gajera

Baba Taswira ba ya iya yin kwatance a taƙaice. Ka tambaye shi hanyar asibiti, sai ya zaro biro daga aljihu, ya nemi bayan kwalin sabulu, ya ɗora 'yar kibiya mai nuna arewa a sama, kafin ya kai ka ƙofar asibitin mara lafiyar ya ji sauƙi. Shi ya sa 'yan unguwa suka liƙa masa wannan suna, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, don da zanen taswira ya ci abinci a ofishin safiyo, wato na masu awon ƙasa, har gashinsa ya yi fari fat.

Da jan sarƙar awo ya fara, yana saurayi. Su shiga jeji da turaku da kamfas mai nuna arewa, ɗaya ya riƙe bakin sarƙa, ɗaya ya ja, ƙaya ta yi musu kaca-kaca da wando. Da ogansu ya lura hannunsa ba ya rawa, sai ya ɗauke shi daga rana ya zaunar da shi a gaban wani faffaɗan tebur mai gangare, ya ba shi alƙaluma masu baki kamar allura da kwalbar baƙar tawada. Ogan nan tsoho ne mai son surutu, in ya kama labari sai shayinsa ya huce. Daga bakinsa Baba ya ji cewa mutanen da can sun auna girman duniya da inuwar sanda, kuma masu jiragen ruwa sun daɗe suna zana bakin teku daidai, amma cikin ƙasa, inda ƙafarsu ba ta taka ba, sai su cike shi da dodanni. “Mu an hana mu dodanni,” in ji ogan. “Inda ba ka sani ba, bar shi fari.”

To amma an bar musu ƙarya guda ɗaya. A wancan zamani masu buga taswirar sayarwa sukan kwafe aikin mutane su ce nasu ne. Don haka duk taswirar da za ta fita, mai zanenta yakan dasa mata tarko: ɗan lungu ko 'yar rijiya da babu ita a ƙasa, a wani gefe da ba zai ɓatar da kowa ba. Ranar da aka ga wannan lungu a taswirar wani, ɓarawo ya kama kansa da kansa.

Lokacin da aka ba shi taswirar gari duka, aikinsa na farko mai girma, bai daɗe da aure ba. Amaryar kuwa gajera ce, in ta tsaya kusa da shi iyakarta aljihun rigarsa, amma bakinta ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Gajera yake kiranta, ita kuma ta ce masa Dogo. Ɗaki ɗaya suke haya, ba su da abin a zo a gani. Wata ranar hutu ya kawo aikin gida ya shimfiɗa a kan tebur, ya zaɓi wani fili can bayan gari, hayin rafi, inda babu kowa sai ciyawa da makiyaya, ya fara jan ɗan layinsa na tarko. Tana zuwa ajiye masa shayi ta bugi gwiwar hannunsa, layin ya karkace daga tsakiya. Da reza zai iya kankare wurin, amma ya dubi karkacewar, ya dube ta tana toshe baki, sai ya bar shi haka, ya rubuta a gefensa da ƙananan haruffa: Layin Gajera.

“Ga shi nan na ba ki,” ya ce. “Titi sukutum.”

“Allah ya saka,” ta ce. “Matan mutane ana saya musu keken ɗinki, ni an ba ni titin da ko akuya ba ta bi.”

Wannan magana ta zauna a gidan nan kusan shekara arba'in. In baƙi suka zo sai ta ce a yi mata magana da ladabi, ita mai titi ce. In ya makara da cefane ta ce ko ya biyo ta layinta ne ya ɓata. Yakan yi dariya, don yana jin daɗin tsiyarta, amma can ƙasan ransa abin yana ɗan sosa shi. Ya sayi keken ɗinkin daga baya, sun gina gida, sun aurar da 'ya'ya, sai dai kyautarsa ta farko gare ta, wadda ya bayar da zuciya ɗaya, abin da babu shi ne.

Aikin kuma bai tsaya jiransa ba. Aka daina jan sarƙa, aka koma ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama. Ya koyi jera hotuna biyu ya leƙa ta wani gilashi mai ido biyu, sai tuddai su taso masa daga takarda kamar ya taɓa su, ranar farko har da salati. Daga baya kwamfuta ta shigo, aka tura teburansu masu gangare sito. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi, amma ɗan abin nan da ake turawa da hannu bai taɓa yi masa biyayya kamar alƙalami ba. Ya yi ritaya ba tare da ƙunci ba, ya kwaso alƙalumansa a gwangwanin alewa. Abin da ya fi faranta masa shi ne Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta gaji sana'ar. Ta yi karatu mai zurfi, tana aiki da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma duk taswirar garin da ke cikin wayoyin mutane tana bi ta ofishinsu.

Ita ce ta zo wata ranar Asabar da hantsi, ta same shi yana ba shukokinsa ruwa, ta tsuguna ta gaishe shi, sannan ta yi ta juya makullin mota a hannu.

“Baba, an sa mu share tarkunan da ke cikin tsohuwar taswira. Yanzu motar asibiti da motar kashe gobara duk da waya suke bin hanya, ba a son layin da babu shi.”

“Gaskiya ne,” ya ce.

“Har da na Mama. Daga taswirarka aka yi ta kwafa, yana nan har yau. Ranar Litinin zan cire shi.”

Ya ci gaba da zuba ruwa a tukunyar da ta riga ta cika. Ya san ta fi shi gaskiya, shi da kansa ya koya mata cewa taswirar da ke ɓatar da mutum gara babu ita. Duk da haka ya ɗago ya dube ta.

“Kin je kin gani da idonki?”

“Haba Baba. Ko hoton wurin ban buɗe ba. Tun ina goye na san ƙarya ce.”

“A namu zamanin ba a kankare abin da ba a je an tsaya a kansa ba.”

“A namu ma haka ne,” ta ce tana murmushi, don ta gane jan lokaci yake yi. “To shirya mu je.”

Gajera na jin su daga kicin. Ta fito tana goge hannu ta ce ba wanda zai rushe mata titi ba ta nan, ta ɗauko mayafinta mai kyau. A mota ta cika su da zance, wai a tsaya ta sayi tsintsiya ta share kayanta kafin a ƙwace. Baba dai yana gaba yana kallon hanya. Bai taɓa zuwa wurin ba tun da ya zana shi. Hayin rafi ba hanyarsa ba ce, kuma me zai je ya gani, ciyawa?

Suka haye gada, sai ga gidaje, ga shaguna, ga makaranta, gari ya daɗe da tsallake rafin. Wayar Auta ta ce a juya dama. Auta ta rage gudu tana shirin nuna musu bango ko bola, sai kan motar ya shiga wani ɗan layi mai ƙasa, gidaje hagu da dama, kwata a gefe, wata mata na shanya a kan igiya. Suka yi gaba kaɗan, layin ya karkace daga tsakiya, ba dutse ba rami, ba wani dalili.

Auta ta taka birki.

A daidai kwanar akwai shagon wani tela, dattijo, da tef rataye a wuya. Baba ya fito, ya yi sallama, ya tambayi sunan layin.

“Layin Gajera ke nan,” in ji telan.

“Tun yaushe?”

“Tun da aka yanka filayen. Ina cikin na farko. Masu awo suka zo da takardarsu suka ce nan layi ne, kowa ya ja baya. Mun ce ko a miƙe shi, suka ce haka yake a taswira, haka za su kafa turakunsu. Ni kam kwanar ta yi mini rana, ana ganin shagona ta ko'ina.”

Gajera ta matso, ta gyara mayafi. “Malam, ita wannan Gajerar wace ce?”

“Hajiya, ba mu riske ta ba. An ce wata tsohuwa ce ta fara zama a nan, 'yar firit da ita, ga masifa. An ce ko kare ba ya bi ta ƙofarta.”

Auta ta juya baya tana ƙunshe dariya. Baba ya kafe idonsa a kan keken telan kamar bai taɓa ganin keke ba.

“Masifa, ko?” in ji Gajera.

“Haka dai muka ji.”

“Allah sarki,” ta ce. “Ƙila mijinta ne ya ishe ta.”

Ba ta gaya wa telan ko ita wace ce ba. Ta ce wa Auta ta kai motar ƙarshen layin ta jira su, ita da ƙafa za ta. Suka taka a hankali, don gwiwarta ba ta son sauri. Tana duba komai kamar mai karɓar haya: ta yaba wata ƙofa mai shuɗin fenti, ta yi tsaki a kan kwatar da ta toshe, ta karanta allon wani mai gyaran waya da ya rubuta adireshinsa da sunanta ɓaro-ɓaro. Shi kuwa yana biye, yana ganin layin nan siriri da ya ja da tawada a ɗakin haya, ga shi yau mutane suna kwana suna tashi a cikinsa. Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Da suka kusa ƙarshe ta tsaya ta waiwaya, ta daɗe tana kallon kwanar. Tsiyar duk ta bar fuskarta.

“Nan ne na buge ka,” ta ce.

“Nan ne.”

Ta kama bakin hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a titi ba, ta yi ƙasa da murya yadda Auta ba za ta ji ba.

“Dogo, ashe ban taɓa yi maka godiya ba.”

Ya dafa hannunta da ke riƙe da rigarsa. Auta ta leƙo ta tagar mota ta ce ba abin da za ta cire ranar Litinin, sai dai ta gyara faɗin layin, ya fi na taswira kaɗan.

“Kar ki taɓa kwanar,” in ji uwarta. “Wannan aikina ne.”