Sheƙar Shamuwa a Kan Famfon Saga

Ban taɓa mantawa da ranar da shamuwa ta tsayar mana da famfon iska a Saga ba. Shekarun fari ne, soja ke mulki, ni kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a sashen ruwa. Kogi ya janye nesa da lambuna, aka sa mu kafa famfon da farfelarsa ke juyawa da iska, tana jawo ruwan rijiya zuwa tanki.

Ƙa'idar aikin ita ce, bayan an ɗora farfela sai a ɗaure ta da sarƙa har siminti ya kama. Na ɗaure, na koma biro, wato ofishinmu. Da na dawo bayan 'yan makonni sai na tarar shamuwa biyu sun yi sheƙa a kan dandamalin da muke tsayawa mu sa mai, dab da bakin farfela. Har da ƙwai. In na saki sarƙa, juyin farko zai sare su.

Saura kwana uku wani kaftin ya zo buɗe famfon. Shef ɗinmu, wato shugaban sashen, ya ce, "Ka hau ka zubar. Tsuntsu ne zai hana soja yanka ƙyalle?"

Na sa ƙafa a tsani ke nan, Baba Hamani, shugaban masu lambu, ya riƙe mini riga. "Ɗana, shekara biyu shamuwa ba ta sauka garin nan ba. Ita ke shigowa gaban damina. Ka taɓa ta, in ruwan sama ya ƙi, kanka za a ɗora. Kuma ba mai ɗiban ruwan famfonka."

Na sauko. A lokacin, ƙin bin umarni yana iya kai mutum gidan kaso.

Ranar buɗewa iska na kaɗawa sosai, farfela na tsaye cik. Kaftin ya ɗaga kai. "Wa ya ɗaure ta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe." Na faɗi dalili. Na ƙara da cewa famfon yana da hannun bugawa, wanda aka tanada don ranar da babu iska.

Ya juya ga Baba Hamani. "Tsoho, za ku buga da hannu har 'ya'yanta su tashi?"

"Da hannu muka haƙa rijiyar, ai."

Kaftin ya nuna ni da sandarsa. "Ranar da na tarar da tankin nan a bushe, kai za ka amsa."

Kusan wata uku muna bugawa, maza da mata, layi-layi, ni ma a ciki. Duk motar soja da ta ratso hanyar Saga sai in ruga in leƙa tankin. Wasu fangalolin albasa sun ƙone, kuma masu su ba su yafe mini nan take ba. Da 'ya'yan suka tashi na kwance sarƙar. Daminar ba ta yi wani kyau ba, amma ba wanda ya ce ni na kore ta.

Tun daga nan, kafin mu kafa famfon iska sai mu dasa dogon itace mai kwando can gefe don shamuwa ta yi sheƙa, mu rufe dandamali da ragar waya. Ku da kuke shigowa aikin yanzu, kuna auna ƙarfin iska da zurfin rijiya, kun yi daidai. Amma ku tambayi tsofaffin wuri abin da ke sauka a can, da watan saukarsa. Ni ban tambaya ba, kuma kantar bugun famfon tana nan a tafin hannuna.