Layi a Wuyan Barewa

A ƙasarmu Nijar, malamin lakwal, wato makarantar boko, "Mushe" muke ce masa. Kalmar Faransanci ce da bakinmu ya lanƙwasa, amma kowa ya san ɗaya ma'anar: dabbar da ta mutu ba yanka. In na tuna nawa, duka biyun nake nufi.

Ran Alhamis da hantsi yake koya mana zane. A lissafi ni jaki ne, Faransanci kuwa bai taɓa zama a bakina ba, amma in na riƙe alli hannuna ya san hanya. Babana ya ga raƙumin da na zana a bangon zaure, bai doke ni ba. Cewa ya yi mai zana abu mai rai, gobe kiyama za a ce ya busa masa numfashi. In ya zama dole, in riƙa jan layi a wuya don kada surar ta cika. Na ji maganarsa. Ran da Mushe ya ce a zana barewa, tawa ta fi ta kowa, na kuwa ja mata layinta. Ya ɗaga takardar gaban aji.

"Ku dubi mahauci! An ce a zana, shi ya yanka."

Ya yaga ta biyu, daidai kan layin. Sunan ya bi ni har kasuwa. Damina ba ta zagayo ba na bar lakwal.

Yau furfura ta fito min a Sabha, can ƙasar Larabawa. Fenti nake ci da shi: in zana kaza a ƙofar mai gashi, taya a garejin unguwar Manshiya. Bara na samu aikin katangar wata makarantar yara a unguwar Mahdiya, na je bakin titin da 'yan aiki ke tsugune ina neman mai riƙe min tsani. Wani tsoho ya taso, gemu fari, silifa ɗaure da waya.

"Maigida, na iya fenti. Da can malami ne ni."

"Na sani, Mushe."

Ya dube ni, ya yi murmushi. Bai gane ni ba. Wannan ya fi yagar takardar zafi.

Kwana uku yana wanke min buroshi. A kango yake kwana cikin gayyar ƙarti, tari na cinsa. A na ukun, muna hutun azahar, ya tsinci gawayi ya nufi bango, ya soma zana barewa. Hannun da ke zubar da shayi don rawa, da ya riƙe gawayi tsit ya yi. Daga ƙeya ya fara, jan guda har wutsiya. Haka nake farawa ni ma. Nan na ga inda hannuna ya samo hanyarsa, kuma ban ji daɗin ganin ba.

Mudir, wato mai makarantar, ya fito ya daɗe tsaye gaban barewar. Yara sun cika taga. Ya ce min da Larabci in tambayi tsohon ko zai koyar; ba su da malamin zane, yaran sai shafa kala a takardun da inji ya buga. Akwai ɗaki a baya, da fanka, da abinci.

Mushe ba ya jin Larabci. Bakina yake kallo.

"Me ya ce, ɗana?"

"Ya ce uban wa ya ba ka izinin ɓata masa bango."

Na juya wajen mudir na ce ba malami ba ne, mahauci ne a garinmu, kansa ma ya ɗan taɓu. Mudir ya taɓe baki ya koma ciki.

Tsohon ya ɗauki tsumma zai goge. Na ce ya bari. Na tsoma buroshi a jan fenti, na ja layi a wuyanta, a hankali, yana kallo. Ya juyo ya dube ni.

"Kai ne."

"Ni ne, Mushe."

Washegari bai zo ba. Ban neme shi ba.

Na cika barewar da kala, mudir ya yaba min. Tana nan har yau, yara sun goge hancinta da yatsu, kuma har yau ba su da malamin zane. Kowace loma da na ci a garin nan daga hantsin Alhamis ta fito. Na sani, ba sai an gaya min ba. In na bi ta titin makarantar, ɗaya gefen nake tsallakawa.