Ƙwayoyin da Kika Bari a Raye

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ƙaninki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Ina tsaye a ɗakin gwaji, ina canza wa ƙwayoyin halittar dasashi da muke reno a kwalba ruwan da suke rayuwa a ciki. Ban ajiye kwalbar ba sai da na gama, domin ke kika hana ni barin su rabi da rabi. Sannan na zauna a ƙasa. Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma za mu tattara.

Likita, shekara goma sha ɗaya ina shirya miki gilasan da kike dubawa a madubin ƙara girma, a ɗakin nan marar taga da ke bayan asibitin haƙori. Tambaya ɗaya ce ta riƙe ki: me ya sa dasashin wasu ke kumbura har ƙashi ya zaizaye, haƙora su zube? Kin bi ta har cikin ƙwayar halitta, inda take cinye tarkacen cikinta don ta tsabtace kanta. A wasu samfuran wannan tsabtacewar kan tsaya, kumburi ya ƙi sauka. A wasu kuma ta yi yawa har ƙwayar ta hallaka. Tsakanin biyun nan kika maƙale, ni ma na maƙale tare da ke.

Duk da haka bincike bai taɓa raba ki da marasa lafiya ba. Ina tuna wata dattijuwa mai ɗinki da ta zo tana rufe baki da mayafi saboda kunyar wari. Kika ja kujera kusa da ita kika ce, "Inna, kowace ƙwaya a bakinki da tsintsiyarta. Naki tsintsiyoyin ne suka gaji." Ta yi dariya har mayafin ya zame, ta ce, "To ki sayo musu sababbi mana, 'yar nan." Wata biyar kina wanke mata dasashi da hannunki, haƙoranta na gaba suka tsira.

Sai shanyewar jiki ta kwantar da ke, ta tafi da maganarki. Wata bakwai ina kai miki hotunan gwaji gefen gado. Akwai ranar da kika ƙura wa wani hoto ido, kika damƙe hannuna, leɓenki na motsi. Na miƙa miki biro, ya faɗi. Na jero duk abin da nake zato, kina girgiza kai, hawaye na bin kuncinki. Kin ga wani abu a hoton nan, kuma da shi kika tafi.

Yanzu duk bayan kwana biyu nakan shiga in ciyar da ƙwayoyin. Ban da ilimin da zan ƙarasa aikin, ban da zuciyar da zan zubar da su. Shugaban sashe ya ce yana bukatar ɗakin, na ce ya ƙara mini mako guda. Sau uku ke nan ina faɗin haka.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki mata biyu, da ƙaninki da ya yi ta ɗawainiya da ke. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kuma ba marasa lafiyarki, waɗanda har yau suke zama a kan benci ranar Alhamis, ranar da kika saba duba su, suna tambayata yaushe za ki dawo.