Nonon da na ba ɗiyar ƙanwata

Lokacin da abin nan ya faru ni bazawara ce a Kurya Madaro. Mijina ya yi ta ramewa har ya rasu, wasu suka ce taifod ne, wasu suka ce jifa. Ya bar ni da ciki, jaririn ma bai daɗe a duniya ba ya bi shi. Ban taɓa zuwa awo ba, hanyarmu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, a ɗaki na haihu. Sau ɗaya masu gwajin ƙanjamau suka zo garinmu, suka kafa tebur a gindin dalbejiya. Na leƙa na yi komawata. A ganina wannan na matan da suka yi yawon duniya ne, ni kuwa namiji ɗaya na sani.

Ƙanwata tana aure a Kaura Namoda. Ita ta yi awo, an gwada ta, lafiyarta lau. Ta zo yi mini gaisuwar jaririna da tata jaririyar a goye. Wata safiya ta ajiye mini yarinyar a cinya ta fita ɗebo ruwa, 'yan bindiga suka shigo suka kwashe matan da ke bakin famfo, har da ita. Yarinya ta wuni tana kuka, ni kuma nonona bai ƙafe ba. Innarmu ta ce in sa mata, na sa mata, ta kama. Kowa ya yi ta sa mini albarka, ana cewa Allah ne ya ɗauki nawa ya bar ruwan saboda wannan. Ni ma haka na ɗauka, wallahi.

Muka gudo Kaura, gidan mijin ƙanwata. Bayan watanni aka sako ta, ta dawo fata da ƙashi, nono ya ƙafe. Ta durƙusa a gabana tana cewa ba ta da abin da za ta biya ni. Na ci gaba da shayarwa har yaye. Daga nan yarinya ta fara zawo, bakinta ya yi fari, magani ya ƙi ci. A asibiti aka gwada ta, aka ce tana ɗauke da ƙanjamau. Ba wanda ya furta, amma hankalin kowa daji ya tafi, ga abin da ake yi wa matan da aka kama. Mijin ya kasa kallon ƙanwata. Ita ma ta miƙa yatsa a gwada ta, kamar ta riga ta san amsa. Aka ce ba ta da shi, mijin ma haka. Sai ma'aikaciyar ta tambaya ko akwai wata da ta taɓa shayar da yarinyar. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da zanen goyo. Inna ta nuna ni da alfahari, ta ce ga ta nan, Allah ya yi mata albarka.

Da aka faɗa mini sakamakona ban yi kuka ba. Audugar da ke yatsana kawai nake kallo. A nan na san abin da ya kashe mijina da jaririna. Ma'aikaciyar ta ce ba laifina ba ne, ta ce akwai magani kyauta, za mu rayu. Na ce to.

Yanzu ni da yarinyar duka muna shan magani, ta yi ƙiba, tana gudu a tsakar gida. Ƙanwata ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, har yau Yaya take ce mini. Hira ce dai ta ƙare a tsakaninmu. Na so a ce ta zage ni ko sau ɗaya.

Na gane tsare kai ba ya gaya wa mace abin da ke jininta, gwaji ne ke faɗa. A yankinmu yau uwaye da yawa na daji ko kabari, 'yan'uwa ke shayar da 'ya'yansu. Don Allah duk wadda aka miƙa wa jariri ta nemi gwaji da zarar ta samu hali, bai kai damun koko daɗewa ba. Yarinyar nan ba ta karɓar magani sai daga hannuna, don ni ta saba da ita. Kullum da safe uwarta takan kawo ta ƙofar ɗakina, ta tsaya tana kallon bango har yarinyar ta haɗiye, sannan ta kama hannunta su tafi.