Sai an caje ku

Ina cikin turara shinkafa da hantsi aka kwaɗa sallama irin ta marasa tarbiyya. Na fito zaure da ludayi a hannu, sai ga jami'ai uku, wai an tsegunta musu ɗana yana sayar da wiwi, za su bincika ɗakinsa. Ɗan nawa kuwa yana tsaye a bayana, taɓon ban ruwan tumatir har gwiwa, matarsa da ɗanyen goyo. Tsoro ya kama ni, ba na ɓoyewa. A wajenmu nan Kura, wanda aka ce an tsinci ƙulli a ƙarƙashin tabarmarsa, to sai dai a riƙa kai masa tuwo gidan yari.

Amma ni ba a banza rediyo take kwana a kunnena ba. Na taɓa jin wani lauya yana cewa mai bincike sai ya nuna takardar kotu, a yi a gaban shaida, kuma masu gida na iya neman a fara caje shi kafin ya shiga. Na tokare ƙofa, na ce a kira mai unguwa. Takarda dai sun nuna, mai unguwa ya karanta, ta yi. Sai na kawo zancen aljihu.

Babbansu ya yi dariya. "Haba Iya, mu za a caje?"

"Ku ɗin fa, ɗan nan. Ko aljihunku ya fi ɗakin ɗana daraja ne?"

Mai unguwa ya shiga ba ni baki, wai in bi a hankali, hukuma ce. Na ce masa ai ba tsoron Allah ya fi ni ba, tsoron kaki ya fi ni, ya zo ya yi aikinsa. Kafin nan ƙofar gida ta cika da mutane. Babban ya duba jama'a, ya ɗaga hannuwa, mai unguwa ya lalube shi. Na biyu ma haka, goro kawai aka samu da makulli.

Na ukun, wani siriri mai baƙin tabarau, sai cewa ya yi fitsari ya matse shi. Ya zagaya bayan gida wajen da ruwan noman rani yake wucewa, ya jima, ya dawo yana karkaɗe hannu, wai yanzu a caje shi. Ban ga abin da ya yar ba, ba zan yi masa ƙazafi ba. Na dai ce masa sannu da kama ruwa, mata suka kwashe da dariya.

Sun birkice ɗakin tas, har garin kunun mai jego sai da suka shinshina, ina biye da su ƙafa da ƙafa, idona a kan hannuwansu. Ba su sami komai ba. Na sa babban ya faɗi haka da bakinsa a gaban mai unguwa kafin su tafi.

Shinkafata ta kama, ko a jikina. Ina kankare tukunya maƙwabciyata ta shigo, wadda aka tafi da ɗanta bara a kan irin wannan zance, har yau ba a gama shari'arsa ba. Ta tsuguna kusa da murhu. Sai ta ce, "Yaya, ashe ana iya caje su?"